Mai Wanke Gawar Da Ba Ta Da Dangi: Abdul Sattar Edhi Da Natsuwar Da Ke Cikin Hidima

Malaman tarbiyya da masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna jujjuya wata tambaya, wato dalilin da ya sa mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen yi wa wasu hidima, ba albashi ba tsammanin godiya, sukan kasance cikin mafiya natsuwa a al'ummarsu, alhali in da za a yi lissafi irin na kasuwa su ne suka fi kowa faɗuwa, domin sun ba da lokaci da ƙarfi da dukiya, abin da ya dawo hannunsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce alheri yana da daɗi, sai dai wannan amsa ba ta ƙosar da mai nazari, domin da daɗin a fili yake da mutane sun yi rububin hidima kamar yadda suke rububin mulki da kuɗi. Gaskiyar magana ita ce farin cikin da ke cikin hidima yana da sharuɗɗa masu nauyi, ba kowane mai kyauta ne yake ɗanɗanarsa ba, kuma rayuwar Abdul Sattar Edhi, mutumin Pakistan da ya rasu a shekarar 2016, ta ishi mai karatu ya ga waɗannan sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya.

An haifi Edhi a shekarar 1928 a garin Bantva da ke yankin Gujarat na ƙasar Indiya, cikin al'ummar Memon, wato wasu Musulmi da suka yi suna wajen fatauci. Mahaifiyarsa ta kamu da shanyewar jiki, shi ne kuma ya ɗauki nauyin jinyarta, yana yi mata wanka da ciyarwa da duk abin da mara lafiyar da ba ya iya motsi yake bukata, har Allah Ya karɓi ranta. A shekarar 1947, lokacin da Turawan Ingila suka raba ƙasar gida biyu aka sami Indiya da Pakistan, danginsa sun bi ayarin miliyoyin Musulmin da suka yi ƙaura, suka sauka a Karachi, birnin da 'yan gudun hijira suka cika shi fiye da yadda asibitocinsa da gidajensa za su iya ɗauka. Ya taɓa tallan yadi a kasuwa, sannan a 1951 ya buɗe wani ɗan ɗakin shan magani kyauta a unguwar Mithadar, unguwa mai matsattsun lunguna inda hedikwatar aikinsa ta zauna har ƙarshen rayuwarsa. Annobar murar da ta ratsa nahiyar Asiya a 1957 ita ce ta fito da shi fili, domin ya kafa tantuna ya roƙi ɗaliban likitanci suka taimaka masa kyauta, jama'a kuma da suka ga aikin da idonsu suka fara kawo gudummawa, da ita ya sayi motar ɗaukar marasa lafiya ta farko, wadda shi da kansa yake tuƙawa. Daga wannan mota guda aka kai ga fiye da motoci 1,500 da cibiyoyi sama da 300 a faɗin ƙasar, har littafin bajinta na Guinness ya sanya gidauniyarsa a matsayin mafi girman ayarin motocin agaji na sa kai a duniya.

Waɗannan alƙaluma su ne aka fi ambata idan ana maganarsa, amma aikin da ya fi bayyana halin mutumin wani ne daban wanda ba ya shiga lissafin bajinta, wato wankan gawar da ba a san danginta ba. Karachi birni ne na bakin teku mai tarin baƙi, inda mutum zai baro ƙauyensu neman abinci ya mutu a gefen titi babu wanda ya san sunansa, kuma tun daga tsakiyar shekarun 1980 rikicin ƙabilanci da na siyasa ya riƙa barin gawarwaki a lunguna da magudanan ruwa. Edhi yakan je ya ɗauko irin waɗannan gawarwaki, har da waɗanda suka kumbura suka fara ruɓewa ta yadda ko 'yan sanda sukan toshe hanci su ja da baya, ya wanke su da hannunsa, ya sa musu likkafani, a sallace su, a binne a maƙabartar da gidauniyar ta tanada. A fiƙihun Musulunci wannan aiki farilla ce ta kifaya, ma'ana wajibi ne da ya hau kan al'umma gaba ɗaya, idan wasu suka yi ya sauka daga kan sauran, idan kuwa kowa ya bari to kowa ya yi laifi. Ke nan shekara da shekaru mutum ɗaya da abokan aikinsa suna sauke wani nauyi daga wuyan birnin da miliyoyin mazaunansa ba su ma san nauyin yana kansu ba.

Wannan aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa ne sharaɗin farko yake. Duk wata kyauta da mutum zai yi wa mai rai tana iya dawo masa da wani abu, ko da godiya ce, ko addu'a a gaban jama'a, ko kuri'a ranar zaɓe, ko kuma jin cewa wani yana ƙarƙashin alfarmarsa. Bahaushe ma da ya ce alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, ya yi wa mai alheri alkawarin cewa wani abu zai manne ya dawo, kuma alkawarin gaskiya ne a mafi yawan lokuta. Gawar da ba ta da dangi kuwa ta toshe duk waɗannan ƙofofi, ba za ta yi godiya ba, ba ta da ɗa ko ɗan'uwa da zai tuna, ba ta da labarin da za ta kai gaba. Wanda ya dawwama a kan irin wannan aiki shekaru masu yawa, kuma aka gan shi kullum cikin kwanciyar hankali, ya zama hujja cewa akwai wata gamsuwa da ba ta rataye a kan sakayyar mutane. Malaman Musulunci suna kiran wannan hali ihlasi, wato tsarkake aiki daga duk wata manufa da ba neman yardar Allah ba, kishiyarsa kuma riya, wato yin aiki don a gani a yaba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a littafinsa Ihya'u Ulumiddin kan yadda riya take ɓuya a cikin ayyukan alheri har mai ita ya kasa ganewa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa bayan asarar lada, riya tana cinye jin daɗin aikin tun a nan duniya, domin mai riya ya danƙa farin cikinsa a hannun masu kallo, in sun yaba ya ji sanyi, in sun yi shiru ya kwana da ƙunci, in kuwa suka yabi wani sai hassada ta kama shi. Mai ihlasi ya huta da wannan zaman jira, tunda abin da yake so ya samu ya riga ya samu a lokacin da aka rufe kabarin.

Binciken zamani ya zo ya tarar da wannan magana a inda malamai suka bar ta. A shekarar 2008 wasu masana uku, Elizabeth Dunn da Lara Aknin da Michael Norton, suka wallafa wani gwaji a mujallar Science, inda aka ba mutane dala 5 ko dala 20 da safe, aka umarci wasu su kashe wa kansu, wasu kuma su kashe wa wani, da yamma aka tarar waɗanda suka kashe wa wasu sun fi bayyana farin ciki, yawan kuɗin kuma bai sauya sakamakon ba. Wani binciken da Sara Konrath da abokan aikinta suka yi a kan dattawan jihar Wisconsin ta Amurka ya fi wannan jan hankali, domin ya tambayi masu aikin sa kai dalilinsu na yin aikin, sannan ya duba su bayan shekaru huɗu, sai aka ga waɗanda suka yi don damuwa da halin wasu sun fi tsawon rai, waɗanda kuwa suka yi don amfanin kansu, kamar neman sauƙin damuwarsu ko jin cewa su ma wasu ne, ba su da wani bambancin kirki da waɗanda ba su yi aikin ba sam. Irin wannan bincike yana nuna alaƙa ne tsakanin abubuwa biyu, bai isa ya yanke hukuncin cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, kuma rai a hannun Allah yake, amma ya dace da abin da likitan ƙwaƙwalwa Viktor Frankl, ɗan ƙasar Ostiriya da ya tsira daga sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi, ya kafa koyarwarsa a kai, cewa farin ciki yana guje wa mai farautarsa kai tsaye, yana zuwa ne a bayan mutum ya ba da kansa ga wani aiki ko wani mutum da ya fi damuwarsa da kansa muhimmanci. Saboda haka masu tallata hidima a matsayin maganin baƙin ciki suna faɗin rabin gaskiya ne, domin wanda ya shiga gidan marayu da nufin ya yi wa zuciyarsa magani har yanzu kansa yake kallo, maraya kuwa ya zama kayan aiki a hannunsa.

Sharaɗi na biyu shi ne rashin zaɓen wanda za a yi wa, kuma a nan ne Edhi ya sha suka mafi zafi. Shi da matarsa Bilkisu, ma'aikaciyar jinya da ya aura a tsakiyar shekarun 1960, sun ajiye gadajen jarirai na ƙarfe a ƙofar cibiyoyinsu, da rubutu mai roƙon duk wadda ta haifi ɗan da ba za ta iya riƙewa ba ta ajiye shi a nan maimakon ta kashe shi ko ta jefar a juji, ba kuma za a tambaye ta ko wace ce ba. Dubban jarirai sun rayu ta wannan hanya, Bilkisu ce kuma ta riƙa tantance iyalan da za a ba su riƙo. Wasu malamai suka ce wannan buɗe ƙofar alfasha ne, wasu suka kai ga kafirta shi, musamman da yake motocinsa suna ɗaukar Kirista da Hindu kamar yadda suke ɗaukar Musulmi. Wannan suka ba ta da ƙarfi idan aka auna ta da mizanin shari'ar da masu sukar suke iƙirarin karewa, domin littattafan fiƙihu suna da babi sukutum kan tsintaccen yaro, sun kuma sanya ɗaukarsa cikin farillan kifaya, jariri kuma bai aikata laifin kowa ba. Abin lura ga wannan sharhi shi ne cewa mai hidimar da ya fara tace mutane kafin ya taimaka ya ɗora wa kansa aikin alƙali, aikin da yake cike da zargi da bincike da ɓacin rai, wanda kuwa ya ɗauki bukata kaɗai a matsayin shaidar cancanta ya sauƙaƙa wa zuciyarsa, tunda tambayarsa guda ce, wato me wannan mutum yake bukata yanzu.

Akwai kuma batun 'yanci, wanda mutane da yawa ba sa haɗa shi da hidima. Edhi ya ƙi karɓar kuɗin gwamnati, ya dogara da gudummawar talakawa, har yakan zauna a bakin titi yana bara a madadin gidauniyar, masu wucewa suna jefa abin da ya sawwaƙa. A 2015, bayan da gidauniyar ta mayar wa Indiya wata yarinya kurma mai suna Geeta wadda ta yi shekaru a hannunsu tun da ta ɓata ta tsallaka iyaka, Firaministan Indiya Narendra Modi ya yi shelar kyautar rupee miliyan 10, Edhi ya yi godiya ya ce ba zai karɓa ba. Shi kansa ba ya ɗaukar albashi, kayan sawarsa ba su wuce kala biyu ba, yana kwana a wani ɗan ɗaki kusa da ofishinsa. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin ƙin duniya kawai, domin tsari ne mai hikima: wanda bukatunsa suka yi kaɗan ba a iya sayensa, wanda ba a iya sayensa kuma jama'a sukan amince masa, amanar jama'a kuwa ita ce jarin da ya ɗauki dubban ma'aikata da motoci tsawon shekaru fiye da 60. Amincewar ta kai har mutane suna kawo masa zinariya da kuɗinsu ajiya, abin da ya sa fashin da aka yi a hedikwatarsa ta Mithadar a watan Oktoban 2014 ya yi masa ciwo ƙwarai, domin dukiyar amana aka kwashe, a kuma birnin da ya yi wa bauta tun yana saurayi.

Wannan fashi yana tunatar da cewa abin da ake kira farin ciki a nan ya sha bamban da jin daɗi. Jin daɗi shi ne hutun jiki da samun abin marmari, kuma Edhi bai sami rabo mai yawa a cikinsa ba, ya sha barazana, ya ga munanan abubuwan da ɗan Adam yake yi wa ɗan'uwansa, a lokacin tsananin zafin da ya kashe fiye da mutum 1,000 a Karachi a watan Yunin 2015 ɗakin ajiye gawa na gidauniyarsa ya cika har aka rasa wurin sakawa. Abin da ya samu shi ne natsuwa, wato zaman zuciya a wuri ɗaya saboda mutum ya san dalilin tashinsa kowace safiya, ya kuma san cewa in bai fito ba akwai wanda zai kwana a titi. Yawancin ƙuncin da ke addabar masu hali a wannan zamani daga rashin wannan sani yake tasowa, mutum yana da abinci da mota da waya amma babu wanda rayuwarsa ta rataya a kan fitowarsa. Lokacin da ƙodarsa ta gaza a 2013 ya koma kan wankin ƙoda, da ciwon ya tsananta kuma Asif Ali Zardari, wanda a lokacin tsohon shugaban ƙasa ne, ya yi tayin kai shi waje, ya zaɓi a ci gaba da yi masa magani a asibitin gwamnati na ƙasarsa. Ya rasu ranar 8 ga Yulin 2016, aka dasa wa makafi biyu tantanin idanunsa bisa wasiyyarsa, gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa, aka binne shi a kabarin da ya tanadar wa kansa shekaru da yawa kafin nan. Bilkisu ta ci gaba da aikin tare da ɗansu Faisal har ta rasu a watan Afrilun 2022.

Duk da haka, adalci ya wajabta a faɗi abin da yabon Edhi yake iya rufewa. Ƙasar da mutum ɗaya mai bara a titi ya zama shi ne babban mai ɗaukar marasa lafiyarta, ƙasa ce da hukumominta suka yi sakaci da haƙƙin da aka karɓi haraji dominsa, kuma jana'izar ƙasa ba ta goge wannan sakaci. Akwai haɗari babba idan shugabanni suka koyi yabon masu sadaukarwa a matsayin hanyar sauke nauyin da ke kansu, su bar asibiti ba magani sannan su ba mai gidauniya lambar girma. Haka nan ba daidai ba ne a ɗauki rayuwar Edhi a mayar da ita ma'aunin da za a tuhumi kowa da shi, domin mai iyali yana da haƙƙin iyalinsa a kansa, jiki ma yana da nasa haƙƙin, kuma an sha ganin masu aikin agaji da suka ƙone kansu cikin 'yan shekaru suka koma masu ɗaci da gori. Edhi ya daɗe ne saboda bai tsaya a kan tausayi kaɗai ba, ya gina tsari mai rasit da rajista da direbobi da lambar waya da kowa ya haddace, ya kuma sami abokiyar zama da ta ɗauki rabin kayan. Tausayi yakan tashi ya kwanta, tsari ne yake sa a fito aiki ranar da zuciya ta yi sanyi.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan irin aiki, domin farillar kifaya da Edhi ya ɗauka ita ce dai take kan kowace unguwa a Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram. A kusan kowane gari akwai dattawan da suke haƙa kabari ba a biyansu abin kirki, da mata masu wankan gawa da ake tasa cikin dare, da 'yan agajin da suke tsayuwa a rana a filin Idi da ƙofar asibiti, ga kuma al'adar aikin gayya wadda ta tara ƙarfin unguwa a gonar wanda ya gaza. Waɗannan mutane ba a ɗaukar hotonsu, kuma galibinsu sun tsufa ba tare da an ga matasan da za su gaje su ba, a daidai lokacin da rabon kayan azumi ya zama abin da ake yi gaban kyamara, ana sa mabukaci ya riƙe buhu a ɗauke shi a watsa a Facebook, mai bayarwa ya sami yabo, mai karɓa ya tafi gida da shinkafa da kunya. Ya kamata kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matasa na unguwanni su fara da abin da yake kusa da su: su je maƙabartar garinsu su tambayi masu haƙa abin da suka rasa, su je babban asibiti su tambayi yadda ake yi da gawar da ba a zo nema ba da majinyacin da ba shi da mai jinya, su rubuta sunayen waɗanda za su ɗauki aikin da ranakun da kowa zai fito, su kuma bar wayoyinsu a aljihu idan sun je.